TARIHIN DOKOKI, JARRABAWA DA KYAUTAR YABO A MAKARANTUNMU NA LITTAFI MAI TSARKI

 Kwamitin wannan biki ya roƙe mu mu rubuta wani abu a kan makarantun da suka horar da masu bishara da fastocin da suka yi wa wannan ekklisiya hidima cikin shekara hamsin ɗin nan. Sunayen waɗannan bayin Allah suna wani shafi na wannan littafi, saboda haka ba za mu maimaita su ba. Abin da muka zaɓa mu yi magana a kai shi ne yadda ake auna ma'aikaci kafin a aiko mana da shi. Gama kowane ɗayansu ya iso nan da takarda a hannu, kuma daga baikonku ne ake biyan kuɗin makarantar 'ya'yan da muke aikawa. Ya kamata mai biya ya san abin da takardar take nufi, da inda aka samo wannan tsari.

KAFIN A SAN MAKI

Turawan mishan na SIM guda uku, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, sun iso ƙasar nan a 1893. Karl Kumm da abokansa na SUM sun sauka Wase a 1904, Likita Miller na CMS ya zauna birnin Zariya a 1905, Stover Kulp da Albert Helser kuma suka fara aiki a Garkida a 1923. A waɗannan shekarun farko babu wata kwaleji. Jarrabawa ta farko da kakanninmu suka sani ita ce ta ajin baftisma. Mutum zai zauna a aji, wani lokaci har shekaru, yana koyon karatu da tambayoyin bangaskiya, sa'an nan a kira shi gaban Bature da dattawa. Za a ba shi littafi ya karanta. Za a tambaye shi batun tsafi, da giya, da zaman gidansa. Bayan ya fita kuma sai a tambayi maƙwabtansa. Ba a rubuta masa maki. Amsa biyu ce kawai: ko a karɓe shi, ko a ce ya ƙara jira.

Sa'ad da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, sai aka sami littafi ɗaya da Bajju da Berom da Tangale da Tarok da Bura za su iya zama a aji ɗaya su karanta tare. Wannan ne ya sa Hausa ta zama harshen yawancin makarantun masu bishara a Arewa, har a wuraren da babu Bahaushe ko ɗaya a cikin ajin. Makarantar Kagoro ta SIM ta fara a 1931. SUM ta buɗe Gindiri a 1934, kuma a 1938 aka naɗa fastoci uku na farko na wannan mishan, wato Toma Tok Bot, da Bali Falang, da Dawuda Lot. Makarantar Igbaja, wadda take koyarwa da Turanci, ta biyo baya a 1941.

Shiga irin waɗannan makarantu na Hausa ba ya bukatar takardar gwamnati. Abin da ake nema shi ne mutum ya iya karatu da rubutu, ya zama an yi masa baftisma, ekklisiyarsa kuma ta rubuto wasiƙa ta shaide shi. Da yawa sun riga sun yi aikin bishara a ƙauye kafin su zo. Mai aure yakan zo da matarsa da 'ya'yansa, a ba su ɗaki da gona. Wannan tsari ya daɗe ƙwarai, gama mu da muka shiga makaranta a shekarun 1980 mun tarar da saurarsa, malamanmu kuma almajiran mutanen farko ne.

AJI, GONA DA HALI

A wurare uku ake auna ɗalibi, kuma faɗuwa a ɗaya tana iya mai da shi gida ko da ya ci sauran biyun.

A aji, hadda ce kan gaba. Ana so ɗalibi ya jera littattafai 66 ba tuntuɓe, ya kawo sarakunan Yahuza da na Isra'ila bi da bi, ya zana taswirar tafiye-tafiyen Manzo Bulus a kan allo ba tare da duba littafi ba. Kowane mako akwai ayoyin haddacewa, kuma malami yana iya tsai da kai a hanyar rijiya ya ce ka kawo ta makon jiya. Mu mun sha wata wahala ta musamman a nan. Sabuwar fassarar Hausa ta fito a ƙarshen shekarun 1970, alhali mun tashi da tsohuwar a bakinmu tun daga Makarantar Lahadi. Sai ɗalibi ya fara aya da tsohuwar fassara ya ƙarasa da sabuwa, aji ya fashe da dariya, malami kuwa ya zare masa maki. Akwai kuma gwajin wa'azi, wanda ya fi kowace jarrabawa sa gumi. Za ka tsaya gaban 'yan ajinku da malami ka yi wa'azi na 'yan mintoci, sa'an nan ka zauna kana ji ana feɗe wa'azin gaɓa gaɓa: ina nassin ya faɗi haka, me ya kai ka wancan labari, don me ka yi ta kallon rufi. A ƙarshen mako kuma ana rarraba ɗalibai ƙauyuka, da ƙafa ko da keke, ranar Litinin kowa ya kawo rahoto.

Idan zango ya ƙare, akan tara maki a jera ɗalibai daga na ɗaya har na ƙarshe. Abin da ya kasa akan rubuta shi da jan biro. Magidanci mai 'ya'ya huɗu ya ji an kira shi na ƙarshe a gaban matarsa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma ba mu taɓa jin wanda ya ce za a kai ƙara ba.

Gona ita ce ma'auni na biyu. Dalilinta a fili yake: ekklisiyoyin ƙauye ba su da kuɗin riƙe ma'aikaci, don haka mai bishara da bai iya ciyar da kansa ba zai zama kaya a kan masu bi. Makarantar Kulp da ke Kwarhi kusa da Mubi, wadda 'yan'uwanmu na EYN suka kafa a farkon shekarun 1960, ta yi suna wajen haɗa koyar da Littafi Mai Tsarki da koyar da noma, har da huɗa da shanu. A sauran makarantu ma akwai ranar aikin gayya, da shara, da gyaran rufi. Malami yakan zaga gonakin ɗalibai da damina, kuma ciyawar da ya gani a gonarka tana shiga rahotonka.

Na uku shi ne hali, kuma shi ne mai nauyi. Ƙararrawa ce take tashe mu da asuba domin sujada, ana kuma kiran suna. Ba a fita harabar makaranta sai da izini. Giya da taba da dukan mace da cin bashi a ƙi biya, duk suna cikin dokoki a rubuce. Saurayi ba ya neman aure a ɓoye, sai ya sanar da shugabannin makaranta da ekklisiyarsa. Wanda ya yi laifi za a kira shi a gargaɗe shi, in ya sake a dakatar da shi, in abin ya yi girma a sallame shi, a kuma rubuta wa ekklisiyar da ta aiko shi domin ta sa shi ƙarƙashin horo. Malaman sun dogara ga 1 Timoti sura 3, inda Manzo Bulus ya jera abubuwan da ake nema ga mai kula da ekklisiya. Sukan ce mu ƙirga da kanmu mu gani: iya koyarwa abu ɗaya ne cikin jerin, sauran kusan duka batun hali ne da riƙon gida. Ba za mu ɓoye ba, wannan ma'auni yana da nasa haɗari, domin yana hannun mutum. Ɗalibi mai yawan tambaya yana iya samun sunan mai taurin kai, mai shiru-shiru kuma ya wuce da sunan mai tawali'u alhali ba a san cikinsa ba. Duk da haka, ekklisiyar da aka aika wa ma'aikaci a wancan lokaci ta san cewa an zauna da shi shekaru, an ga yadda yake da matarsa da maƙwabcinsa.

A nan ya wajaba mu tuna da iyayenmu mata. Matan ɗalibai suna da nasu aji. Da yawa sun zo ba su san ko baƙi ɗaya ba, suka koyi karatu da goyo a baya, tare da ɗinki da tsabta da kula da yara da yadda ake bi da taron mata. Su ma ana yi musu jarrabawa, ana ba su takardar shaida ranar sallama. Waɗannan mata ne suka riƙe Zumuntar Mata da Makarantar Lahadi a ƙauyuka masu yawa, amma da wuya ka ga an ambaci takardarsu a tarihin wata ekklisiya.

AWO IRI BIYU DAGA ƘASAR TURAWA

Turawan da suka koya mana ba daga ƙasa ɗaya suka fito ba, kuma kowa ya zo da mudun gidansu. Mutanen Ingila sun saba da tara komai a babbar jarrabawa ta ƙarshe, sa'an nan a raba waɗanda suka ci daraja daraja: ta ɗaya, ta biyu, ta uku. A jami'ar Kambirij har akan jera masu jarrabawar lissafi ɗaya bayan ɗaya, wanda ya zo na ƙarshe cikin masu cin daraja kuma 'yan'uwansa ɗalibai su ba shi kyautar cokalin katako. An yi wannan al'ada har 1909. Wannan tsari na daraja ya shigo ƙasarmu ta Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948 tana ba da digirin Jami'ar Landan har 1962, da kuma ta Hukumar WAEC da aka kafa a 1952. Mai gyaran takardarka bai san ka ba, bai taɓa ganin fuskarka ba, kuma wannan shi ne ƙarfin tsarin.

Mutanen Amurka da Kanada kuwa sun saba da auna ɗalibi kaɗan kaɗan, darasi bayan darasi, zango bayan zango, malamin da ya koyar shi ne mai ba da maki. Tun a 1785 shugaban kwalejin Yel, Ezra Stiles, ya raba ɗalibansa kashi huɗu bisa ga ƙoƙarinsu. Amfani da baƙaƙen A, B, C ya fara bayyana a kwalejojinsu a ƙarshen ƙarni na 19, daga baya aka riƙa mai da baƙaƙen lambobi ana fitar da matsakaici. Da yake yawancin Turawan SIM daga can suke, makarantun da suka fito daga SIM sun saba da wannan awo da wuri, waɗanda suka fito daga CMS da reshen Ingila na SUM kuma suka fi kusa da na farkon.

Da ekklisiyoyi suka tsaya da ƙafarsu, ECWA a 1954, tarayyar da muke kira TEKAN a yau kuma a 1955, sai bukata ta canja. Yaran da suka gama makarantun mishan sun zama malamai da ma'aikatan gwamnati, suna zaune a benci ranar Lahadi suna sauraron fasto da bai yi rabin karatunsu ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka kafa TCNN, wadda ta fara karatu a 1959 da Harry Boer a matsayin shugabanta na farko, mazauninta kuma Bukuru. Daga nan aka fara neman takardar sakandare ko ta horon malamai kafin a shiga manyan azuzuwa, karatu ya koma Turanci, Helenanci ya shigo, aka sami matakai: satifiket, difloma, daga baya digiri. ECWA ta buɗe JETS a Jos a 1980.

BYANG KATO DA TANTANCE MAKARANTU

Wannan ekklisiya tamu ta fara a tsakiyar shekarun 1970, daidai lokacin da al'amarin ya ɗauki sabon salo. Mutumin da ya fi kowa tura shi gaba ɗan ƙasarmu ne, Byang Kato, wanda aka haifa a Kwoi a 1936. Ya yi Igbaja, ya yi karatun jarrabawar shiga jami'a ta wasiƙa yana kan aiki, ya sami digirin tauhidi na Jami'ar Landan a 1966, ya zama babban sakataren ECWA a 1967, ya kuma gama digirin dakta a Dalas ta Amurka a 1974. Tun 1973 shi ne babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka da Madagaska. Damuwarsa ita ce ekklisiyar Afirka tana yawaita amma koyarwarta ba ta da zurfi, kuma makarantun da za su gyara wannan kowace tana auna kanta da kanta. Ya rasu a teku kusa da Mombasa ta ƙasar Kenya a watan Disamba 1975, yana da shekara 39. A 1976 aka kafa ACTEA, hukumar da take tantance makarantun tauhidi na masu bishara a Afirka, wadda yana cikin waɗanda suka yi ta kira a kafa.

Tantancewa tana nufin makaranta ta buɗe ƙofarta baƙi su shigo su duba. Malamai nawa ne, wane karatu suka yi? Littattafai nawa ne a laburare, ana kuma karanta su? Da wace takarda ake ɗaukar ɗalibi? Awa nawa yake yi a aji kafin a ba shi difloma? Ina ake ajiye makinsa, wa yake da ikon taɓa shi? Waɗansu dattawa ba su so abin ba da farko, suna cewa aikin Ruhu ba a kawo masa sufeto. Mu dai a ganinmu tantancewa ta yi wa ekklisiya amfani, gama ita ce ta sa ɗalibin da ya gama a Jos ko Kagoro zai iya kai takardarsa Nairobi ko wata ƙasa a karɓa.

Gwamnati ma ta shigo ta nata gefen. Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ta ba Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ikon sa mafi ƙarancin ma'aunin karatu, kuma daga ƙarshen shekarun 1980 jami'o'in ƙasar nan suka koma tsarin zango biyu da nauyin darasi. Makarantun tauhidi da suke so gwamnati ta san digirinsu sai suka haɗa kai da jami'o'i, kamar yadda TCNN da JETS suka yi da Jami'ar Jos. Wanda ya shiga inuwar jami'a kuwa dole ya bi awonta.

YADDA AKE KARANTA TAKARDAR SAKAMAKO

Abin da ya fito daga wannan haɗuwa ɗan gauraye ne: lissafin na Amurka, sunayen daraja na Ingila. Za mu bayyana shi dalla-dalla domin dattawan da ake miƙa wa takarda su sa hannu. A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'inmu suka bi, wanda ya ci 70 zuwa 100 ya sami A, lambarta 5. Daga 60 zuwa 69 B ce, lambarta 4. Daga 50 zuwa 59 C, lambarta 3. Daga 45 zuwa 49 D, lambarta 2. Daga 40 zuwa 44 E, lambarta 1. Ƙasa da 40 faɗuwa ce, wato F, ba ta da lamba. Makin kansa ba daga jarrabawar ƙarshe kaɗai yake fitowa ba, ana ware kashi 30 ko 40 cikin ɗari domin gwaje-gwaje da aikin gida na cikin zango.

Kowane darasi kuma yana da nauyinsa bisa ga awoyin da ake yi masa a mako. Ga misali. A ce ɗanmu ya ɗauki Helenanci mai nauyi 3 ya sami C, wato 3 sau 3, ya ba da 9. Ya ɗauki Wa'azi mai nauyi 2 ya sami A, 2 sau 5, ya ba da 10. Ya ɗauki Tarihin Ekklisiya mai nauyi 3 ya sami B, 3 sau 4, ya ba da 12. Jimla 31. A raba da jimlar nauyi, wato 8, sai a sami 3.88. Wannan shi ne matsakaicin makinsa. Haka za a yi ta tarawa har shekarar ƙarshe. Mai 4.50 zuwa sama ya fita da daraja ta ɗaya. Daga 3.50 zuwa 4.49 daraja ta biyu ta sama, daga 2.40 zuwa 3.49 daraja ta biyu ta ƙasa, daga 1.50 zuwa 2.39 daraja ta uku. Makarantun da suka riƙe awon Amurka suna tsayawa a 4 maimakon 5, saboda haka kada dattijo ya ga 3.60 ya yanke hukunci kafin ya duba bayan takardar ya ga da wane mudu aka auna.

Darasin da aka faɗi ba ya ɓacewa. Sai an sake ɗaukarsa, abin da yaranmu suke kira kariyoba, kuma sifirin farko yana jan matsakaici ƙasa. Wanda matsakaicinsa ya faɗi ƙasa da iyakar da makaranta ta sa, za a ba shi gargaɗi da lokacin gyara, in bai tashi ba a sallame shi. Makarantu da yawa kuma ba sa barin ɗalibi ya shiga jarrabawa in bai halarci kashi 75 cikin ɗari na darussa ba. Wannan doka tana shafarmu kai tsaye. Mukan aika ɗalibi makaranta, sa'an nan mu riƙa kiransa gida kowace jana'iza da kowane taron sabon rai, daga baya mu yi mamakin sakamakonsa.

Ku lura da abin da ya fita daga lissafin. Gona ba ta ciki. Hali ma ba shi da lamba. Makarantunmu har yanzu suna da dokokin hali, suna neman wasiƙar ekklisiya, suna aika ɗalibai aikin gwaji a ekklisiyoyi, suna kuma korar mai laifi. Amma ɗaliban yanzu da yawa ba sa kwana a makaranta, waɗansu na hutu ne ko na ƙarshen mako, malami ba ya ganin gidansu. Nauyin ma'auni na uku ya dawo kan ekklisiyar da ta aika, ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

SATAR JARRABAWA DA DIGIRIN SAYE

Da takarda ta zama ƙofar aiki da albashi, sai ɓarayinta suka bayyana. Manyanmu suna tuna 1977, shekarar da tambayoyin WAEC suka fita kasuwa kafin ranar jarrabawa. Dokar soja mai lamba 20 ta 1984 ta yanka ɗaurin shekara 21 ga mai satar jarrabawa, doka mai lamba 33 ta 1999 kuma ta sake tsara hukuncin da tara da ɗauri mai sauƙi a kan wancan. Ciwon bai warke ba, kuma ba mu da bakin cewa ya tsaya a ƙofar makarantun tauhidi. Yanzu ma ya sami sabuwar hanya, gama ɗalibi yana iya kwafo aikin wani daga intanet ya sa sunansa. Iyaye masu biyan kuɗi a kai 'ya'yansu cibiyoyin da ake rubuta musu amsa a allo, waɗansunsu suna zaune tare da mu ranar Lahadi, kuma daga cikin waɗannan yara ne ake kawo mana masu cewa suna da kira.

Ɗan'uwan wannan ciwo shi ne digirin saye. NUC takan fitar da jerin wuraren da suke ba da digiri ba da izini ba, kuma akan ga masu sunan tauhidi a ciki. Mutum zai je taron kwana uku a otal, ya biya kuɗi, ya dawo da riga da hula da sunan Dakta. Wanda ya san shekarun da Byang Kato ya yi kafin a kira shi da wannan suna, ba zai ji daɗin ganin haka ba. Kafin majalisa ta buga irin wannan suna a takardar sujada, tana da ikon tambaya wace makaranta ce, wa ya tantance ta, shekara nawa aka yi.

KYAUTAR YABO

Ranar yaye ɗalibai a makarantun Hausa na dā ba ta da riguna masu launi. Akan yi sujada, a kira suna, a miƙa takarda, a ɗora hannu a yi addu'a, sa'an nan a faɗa wa kowa ƙauyen da zai tafi. Kyauta, in akwai, littafi ne. Doguwar riga da hula mai kusurwa huɗu sun zo tare da difloma da digiri, haka kuma kyaututtukan wanda ya fi kowa a Helenanci, ko Ibrananci, ko wa'azi, da na wanda ya fi kowa matsakaicin maki.

Waɗansu 'yan'uwa suna ganin bai dace a ɗaga wani a kan wani a makarantar Allah ba. Ba mu tare da su a wannan. Littafin Daniyel sura 1 ya nuna samari huɗu da aka horar shekara uku, sarki ya gwada su da kansa, aka kuma rubuta cewa sun fi sauran. Bulus bai ɓoye cewa ya yi karatu wurin Gamaliyel ba. Yaron da ya ƙona fitila ya koyi Helenanci domin ya fassara mana nassi daidai ya cancanci a tafa masa. Damuwarmu a wani wuri take. Tun da aka ɗaure matakin albashi da wurin aiki a jikin takarda, mai digiri ya zama na birni, mai satifiket na sashen Hausa ya zama na daji. Shi ne ake aika wa inda babu hanyar mota, inda ake kwana da kunne ɗaya saboda masu bindiga, kuma shi ne mai ƙaramin albashi. Ba mu taɓa ganin an kira irin wannan mutum gaban taro an ba shi kyautar shekara ashirin a ƙauye ɗaya ba. Masu bishara na farko da suka tara masu bi a wannan wuri, tun ana sujada a ƙarƙashin rumfa, irin waɗannan ne.

Saboda haka muna ba majalisar dattawa shawara, duk ɗalibin da ekklisiya take biya wa kuɗi ya riƙa kawo takardar sakamakonsa kowane zango, a kuma rubuta wa makarantar kai tsaye a nemi rahoton halinsa da na aikin gwajinsa. In ya dawo hutu a ba shi aji ya koyar, a sa dattijo ɗaya ya zauna a baya.

Akwai kuma roƙo ɗaya. A watan Oktoba 2014 Boko Haram ta shiga Kwarhi, malamai da ɗaliban Kulp suka watse na wani lokaci, kuma a wurare da yawa a Arewa an ƙone majami'u tare da littattafansu. Gara ma tana nata aikin a hankali. Mun san akwai tsofaffin takardun shaida na makarantun Hausa, na iyayenmu maza da na iyayenmu mata, a ƙasan akwatuna a gidajenku. Duk wanda yake da irin wannan takarda, ko hoton ranar yaye ɗalibai, ko littafin rubutu na aji, ya kawo wa sakataren ekklisiya. Za a ɗauki hotonta, a rubuta sunan mai ita da makarantar da shekarar, a mayar masa da abinsa a ranar.